Idon da Ya Koyi Ƙin Gani

Mahaifina marini ne a Ƙofar Mata, kamar yadda mahaifinsa ya kasance, a karofin da ake cewa an kafa shi tun shekarar 1498. Tun da na buɗe ido ban taɓa ganin ainihin launin tafinsa ba. Shuni ya kama hannuwan har gwiwar hannu, ya shige ƙarƙashin farata, sabulu da ruwan alwala na shekara arba'in ba su iya fitar da shi ba. Ina yaro nakan ji kunyar hannuwan nan idan ya zo makarantarmu.

A watan Afirilun 2020, lokacin da makabartun Kano suka yi ta karɓar dattawa, numfashinsa ya sarƙe. Muka garzaya da shi wani ƙaramin asibiti a cikin birni. Ma'aikaciyar jinya ta maƙala masa na'urar auna iskar jini a yatsa, na'urar ta yi ta ƙyafta ja ba ta nuna komai ba. Ta sauya yatsa, haka. Sai ta dubi hannun ta ce, "Baba, rini kuke yi?" Ya gyaɗa kai. Ta cire masa takalmi ta maƙala a yatsan ƙafa, nan take lamba ta fito, kuma lambar ce ta sa aka ba shi iskar taimako a daren. Allah ya tashi kafaɗunsa, ni kuwa tambayar ta zauna mini a rai: me ya makantar da na'urar?

Ina karatun kimiyyar lissafin halittu a Jami'ar Bayero na sami amsar. Na'urar, wadda injiniya ɗan Japan Takuo Aoyagi ya gano tushenta a farkon shekarun 1970, tana harba haske iri biyu ta cikin yatsa: ja mai tsawon zango kimanin nanomita 660, da infared mai kimanin 940, wanda idon mutum ba ya gani. A ɗaya gefen akwai ɗan idon silikon mai mayar da haske lantarki. Wannan ido ba shi da zaɓi. Yana amsa kusan duk hasken da ke tsakanin nanomita 400 da 1100, bai san ja daga kore ba. Shi ya sa fitilun biyu ke kunnuwa bi da bi. Shuni kuwa jan haske yake sha, don haka ɗan abin da ya tsallake yatsan Baba bai isa a karanta ba.

Da lokacin aikin kammala digiri ya zo, sai na zaɓi matsalar rage faɗin ganin irin wannan ido, ta yadda zai amsa zango guda ya ƙyale sauran. Hanyoyin sanannu ne. Ana iya sa masa matata a gaba, kamar baƙar robar da ke rufe idon rimot na talabijin, wadda ke tare hasken ɗaki ta bar infared ya wuce. Ana iya shimfiɗa siraran ɓawon gilashi hawa-hawa, su kashe wasu zanguna su bar ɗaya. Ana kuma iya sauya sinadarin idon kansa, kamar galiyom naitaraid da ba ya jin ja ko kore. Biyun ƙarshe sun fi ƙarfin aljihun ɗalibi. Na sayo idanun silikon a kasuwar Sabon Gari, na tafi karofi da farar takarda mai shara-shara.

Baba ya dube ni ya ce, "Yau kai ne a bakin rijiya?" Ya tsoma takardar da kansa, ya ɗaga ta sha iska, ta juya daga kore zuwa shuɗi, ya sake tsomawa. Na ɗauka na sami idon da shuɗi kaɗai zai gani. A ɗakin gwaji sai ya ƙaryata ni: na danna masa rimot, allura ta tashi. Ashe shuni ya rufe ƙofar ja ne kawai, ta infared tana nan a buɗe. Sai da na ƙara matata ta biyu, kuma kowace matata ta ci rabonta, har siginar ta yi rauni ta kusa nutsewa cikin hayaniyar lantarki.

Da na kai masa kuka, bai yi mamaki ba. Ya ce kowane tsomi yana ƙara duhu yana rage haske, kuma gwanintar marini ita ce sanin tsomin da zai tsaya a kai. A tsomi na uku na tsaya, a nan ne awon ya fi tsabta.

Rijiyoyi da yawa a Ƙofar Mata sun bushe, sauran kuma dattawa ne ke riƙe da su. Baba bai taɓa cewa in gaje shi ba, amma na san yana ƙirga 'ya'yan da suka tafi. Ranar da aka ɗaure kundin aikina na kai masa, ya buɗe shafin da na liƙa takardar da ya rina, yatsansa ya bar ɗan tabon shuɗi a gefen shafin. Ya nemi ya goge, na riƙe hannunsa na ce, "Baba, bar shi."