Ƙwan Shammun Nasim da Azumin Maƙwabtanmu a Gadarif

Idan watan Afrilu ya kama a Gadarif, baƙar ƙasar nan da ke ciyar da Sudan da dawa da riɗi takan bushe ta tsattsage, Khor Abu Farga ya ƙafe, zafi ya haura digiri 40. Mu Hausawa bazara muke kiran wannan lokaci. Littattafan Turawa kuwa sukan ce lokacin fure ne da tohon itatuwa, domin haka abin yake a ƙasashensu. To, a tsakiyar wannan zafi ne maƙwabtanmu Kirista suke yin babban idinsu na shekara, wanda ya fi Kirsimeti daraja a wurinsu. Yawancinmu ba mu san komai game da shi ba, sai dai dafaffen ƙwai mai launi da yara kan riƙo ran Litinin ta Shammun Nasim.

Gadarif dai tun asali gari ne na baƙi. Sunanta na da Suk Abu Sin, wato kasuwar Abu Sin, shugaban Shukriyya. Jirgin ƙasa ya iso ta a 1928, sannan noman inji da aka soma a Gadambaliya cikin shekarun 1940 ya jawo masu neman aiki daga ko'ina. Kakanninmu hanyar Makka ce ta biyo da su. Wasu sun daɗe da zama a Gallabat, bakin iyakar Habasha, wasu kuma sun biyo sawun masu hijira bayan yaƙin Burmi na 1903. Su ma Kiristocin garin haka suka taru. Akwai Kibɗawa 'yan asalin Masar, akwai Habashawa da Eritiriyawa waɗanda aka zaunar da wasunsu a Tawawa, akwai mutanen duwatsun Nuba da na Kudu. A Nuwamban 2020 yaƙin Tigrai ya sa aka sake buɗe sansanin Um Rakuba, Kirista suka ƙara yawa a jihar.

Wanda ke son fahimtar idin nan sai ya fara daga layin mahauta. Kusan wata biyu kafin idi, mahauci zai nemi wasu abokan cinikinsa ya rasa, alhali mai ful da ta'amiyya da mai sayar da adas kasuwa ta buɗe musu. Dalili shi ne Kibɗawa da Habashawa sun shiga babban azumi na kwana 55. Gundarinsa kwana 40 ne, tunawa da kwanakin da suka ce Almasihu, wato Annabi Isa (AS), ya yi yana azumi a jeji, sai aka ƙara mako na shiri a gaba da makon wahala a baya. Azumin ba irin namu ba ne. Sukan kame baki daga tsakar dare har bayan azahar, wasu har faɗuwar rana, amma ko sun buɗe baki ba nama, ba ƙwai, ba nono, ba man shanu, ba kifi, har azumin ya ƙare. Hujjarsu ita ce Annabi Adamu tsirrai yake ci a Aljanna kafin ya yi saɓo, don haka mai neman komawa ga Ubangiji sai ya koma ga abincin farko. A gidan Bahabashe a kwanakin nan injera za ka tarar da shiro, wato miyar garin wake, da adas da ganye. Suna kiran azumin Hudade, daga kalmar da ke nufin gandun sarki wanda kowa ke fita ya yi wa aiki, babba da yaro. Manomin Gadarif ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan suna.

Makon ƙarshe kowace rana da sunanta, kowane suna kuma da labarinsa. Lahadin farko Kibɗawa na kiran ta Ahadus Sha'anin, Habashawa su ce Hosa'ina. Kalma ɗaya ce ta Ibrananci, ma'anarta roƙon ceto. Sun ce da ita mutanen Ƙudus suka tarbi Almasihu ranar da ya shigo birnin a kan jaki, suna ɗaga ganyen dabino. Shi ya sa da safiyar wannan rana ƙofar coci kan cika da ganyen dabino, ana saƙa gicciye da zobe da hula, saƙar da duk macen da ta iya faifai za ta gane hannunta.

Laraba kuma Kibɗawa na ce mata Arba'a Ayyub, Larabar Annabi Ayuba. Suna karanta labarin haƙurinsa domin suna ganin wahalarsa misali ce ta wahalar Almasihu, kuma tsofaffinsu a Masar sukan yi wanka da wani ganye mai suna ra'ara don tunawa da warkewarsa. Alhamis ita ce Khamisul Ahd, Alhamis ta alkawari. Sun ce a darenta Almasihu ya wanke ƙafafun almajiransa, ya ci abincin ƙarshe tare da su, ya raba musu gurasa da ruwan inabi a matsayin sabon alkawari. Har yau limamin coci kan ɗaura tawul a ƙugu ya wanke ƙafafun jama'a. Masanin tarihin nan Almaƙrizi, wanda ya rasu a 1442, ya rubuta cewa talakawan Masar Khamisul Adas suke ce mata, saboda adas da ake dafawa ranar. Habashawa su kuma gulban suke ci, wato wake da alkama da aka tafasa tare ba tare da wani gyara ba, domin tunawa da Bani Isra'ila da suka fita daga Masar cikin gaggawa, ba su sami sukunin jiran ƙulli ya tashi ba.

Juma'a ita ce ranar baƙin ciki. Kibɗawa na ce mata Aljum'atul Azima, Habashawa su ce Siklet, wato gicciyewa. A nan ne hanyarmu da tasu ta rabu, domin mu Alƙur'ani ya koya mana ba a kashe Annabi Isa ba, ba a kuma gicciye shi ba. Su kuwa sun yi imani an gicciye shi ran Juma'a don fansar zunuban mutane, aka sa shi a kabari. Saboda haka coci kan sha baƙin ƙyalle, a wuni ana addu'a ba ci ba sha. Kibɗawa kan rufe da sujada 400, ɗari ɗari zuwa kowace kusurwa. Wasu da khal, wato ruwan tsami, suke buɗe baki, domin sun ce shi aka miƙa masa da ya ji ƙishirwa. Bayan nan sai romon ful nabit, waken da aka jiƙa har ya tsiro, wanda suke kwatanta shi da wanda aka binne kuma zai fito da rai.

Asabar ita ce Sabtun Nur, Asabar ta haske, daga wutar da ake fito da ita ranar a cocin da suke ɗauka kabarin Almasihu ne a Ƙudus. A Masar mata kan sa kwalli a wannan rana, Kirista da Musulmi. Limaman Habashawa kuma sukan zaga suna raba ɗanyar ciyawar fadama da ake kira ƙetema, a ɗaura a ka, tunawa da ɗanyen ganyen da kurciya ta kawo wa Annabi Nuhu a matsayin albishir. Da dare sai a cika coci da fararen kaya da kyandir, kiɗan ganga na tashi daga wajen Habashawa, ba a watsewa sai wajen ƙarfe uku. A lokacin ne azumin kwana 55 ke ƙarewa.

Idin kansa yana da sunaye da yawa. Larabawa Kirista kan ce Idul Ƙiyama, domin sun yi imani Almasihu ya tashi daga matattu ran Lahadi, ko su ce Idul Fis'h. Habashawa na cewa Fasika. Waɗannan biyu na ƙarshe daga Fesah suka fito, idin Yahudawa na tunawa da kuɓutar Bani Isra'ila daga Fir'auna, wanda Kiristocin ƙasar Hausa ke kira Idin Ƙetarewa. A wancan idi rago ake yankawa, su kuma Kirista suka ce Almasihu ne ya zama ragon fansa, shi ya sa rago ke tsada a makon. Kalmar Ista da muke ji a rediyo daga Ingilishi take, kuma wani malamin coci na Ingila mai suna Bede, wanda ya rasu a 735, ya ce sunan wata gunkiya ce da kakanninsu ke yi wa biki a wannan wata.

Abincin idi ramuwar gayya ce ga duk abin da aka bari. Kibɗawa fatta suke yi da nama. Habashawa kuwa doro wat, miyar kaza mai yaji da dafaffen ƙwai, kuma kazar gida 12 ake yanka ta, wasu su ce adadin almajiran Almasihu ke nan. Shi ƙwai dalili biyu gare shi. Na farko, kaza ba ta san ana azumi ba, ƙwai kan taru, sai a dafa shi kada ya lalace. Na biyu, suna kwatanta ɓawonsa da rufaffen kabari wanda rai ke fasawa ya fito, jan launin da aka fara rina shi da shi kuma alamar jini ne.

Kashegari Litinin ita ce Shammun Nasim, wato shaƙar iska, ranar fita shan iska da ƙwai da albasa da fasikh. Wannan biki ya girmi Kiristanci, domin masana na danganta sunan da Shemu, lokacin girbi na Masar ta dā. Da Kibɗawa suka ga yana faɗowa cikin azumi, lokacin da ba halin cin kifi ko ƙwai, sai aka mayar da shi bayan idi. Ta hannun Misirawa ya shigo Sudan, fasikh kuma ya sami tunkuza da tumatir da gurasa ya zama ɗan gida. Maganar ko ya dace Musulmi ya fita ranar, wannan ta malamai ce, a tambaye su. Amma ko mai fita ko mai zama gida, ya kyautu ya san asalin abin.

Yara a makaranta kan tambaye mu me ya sa Kiristocin garin nan ke yin Ista sau biyu. Amsa ita ce taron limaman coci na Nikiya a shekara ta 325 ya sa a riƙa yin idin rana ɗaya, ƙa'idar da aka bi kuma ita ce Lahadin farko bayan cikar wata na farko daga 21 ga Maris. Katolika da 'yan Anglika suna lissafi da kalandar da aka gyara a 1582, Kibɗawa da Habashawa kuwa da tsohuwar kalanda wadda take baya da kwana 13, shi ya sa nasu ke faɗowa tsakanin 4 ga Afrilu da 8 ga Mayu. Wani lokaci sukan haɗu, kamar yadda aka yi ran 20 ga Afrilu, 2025.

Akwai ranar da ba za mu manta ba. Yaƙin da ya ɓarke a Hartum ran 15 ga Afrilu, 2023, ya faɗo ne a Sabtun Nur ta Kibɗawa da Habashawa, mu kuma muna cikin goman ƙarshe na Ramadan. Kowa na azumi, kowa na jiran idinsa, harsashi bai tambayi kowa addininsa ba. Da Madani ta faɗi a Disambar wannan shekara, Gadarif ta cika da masu gudun hijira, makarantu suka zama masauki, Musulmi da Kirista suka yi layi a tukunya ɗaya.

Mu da muka san ɗacin a kira mutum baƙo a garin da aka binne kakansa, mu ya fi kamata mu san maƙwabci. Sanin ba ya rage wa kowa imani. Abin da yake yi shi ne ya hana ka aika wa Bahabashiya nama a tsakiyar Hudade kana tsammanin alheri ka yi, ya sa ka sassauta wa leburan gonarka ran Siklet, ka kuma yi wa maƙwabci barka ran Fasika yadda yake yi maka ran salla. Zaman lafiya dai, in ji Hausawa, ya fi zama ɗan sarki. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da kowa gidansa, amin.