Ranar da Ruwanmu Ya Fito Baƙi

Mu bakwai ne a ƙungiyar kimiyya ta makarantarmu lokacin muna aji biyar. Malami ya naɗa mana shugaba, ɗalibin da ya fi mu duka ƙoƙari, sai dai ba ya son a ce masa "a ganina". Duk wanda ya buɗe baki sai ya ji: "Kai ne shugaba ko ni?" Kafin mako biyu mun koyi kame bakinmu.

Aikinmu shi ne haɗa matatar ruwa da jarka, yashi, tsakuwa da gawayi, don baje kolin makarantun shiyyarmu. Ana saura kwana biyu, mu uku muka lura ba a wanke gawayin ba, ga shi shugaba ya hana gwaji, wai kada a ɓata masa shiri. Muka yi ta ƙus-ƙus a bayan ɗakin gwaje-gwaje, kowa na tura ɗan'uwansa ya je ya faɗa. Babu wanda ya je. Ranar baje koli, a gaban alƙalai, ruwan ya fito baƙi ƙirin.

A motar komawa shugaban namu ya tambaye mu, idonsa cike da ƙwalla: "Kun sani, me ya hana ku faɗa?" Muka sunkuyar da kai. Tsoro ne ya hana mu, kuma shi ya shuka shi, amma mu ma da namu laifin.

Daga baya muka ji labarin Amy Edmondson, malama a Jami'ar Harvard ta Amurka. Da ta binciki ma'aikatan jinya a asibiti, ta tarar rukunin da shugabanninsu ke sauraro sun fi kawo rahoton kuskure wajen ba da magani, domin ba sa tsoron faɗa. Inda shugaba ke tsawa kuwa, ana yin kuskuren, sai a rufe shi. A 1999 ta wallafa bincike a kan wannan natsuwa da mutum ke samu ya yi tambaya ko ya amsa laifi ba tare da an muzanta shi ba.

Bana wasunmu ne shugabannin ɗalibai. Mun yi wa kanmu doka: kafin a yanke shawara, sai an tambayi ƙaramin cikinmu abin da ya gani. In kai monita ne ko kyaftin, ka tuna babba juji ne, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.