Mun je Mambila ɗauko abokinmu

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya yi mini haƙuri.

Tun da na saka hotunan Mambila mutane ke ta biyo ni da tambaya: nawa muka kashe, wace hanya muka bi, har da mai cewa wai 'yan mastas kuɗi ya yi musu yawa. To ku ji, ba yawon buɗe ido ne ya kai mu ba. Ko dai in faɗi gaskiya, ba shi kaɗai ba ne.

Mu biyar ne muke zama ɗaki ɗaya a wajen makaranta. A cikinmu akwai wanda muke kira Ɗan Gembu, duk da cewa ƙauyensu ya fi kusa da Nguroje. Shi ne ya fi mu ƙwaƙwalwa, ba na jin kunyar faɗa. Lokacin da muke ta fama da cafta ta biyu, shi har ya gama tattara bayanansa a kan cututtukan shanu. Ana haka Allah ya yi wa mahaifinsa rasuwa. Ya tafi gida da cewa sati biyu zai yi. Wata huɗu suka wuce. Waya ba ta shiga, in ta shiga ba ya ɗauka, ga rajistar sabuwar shekara saura sati uku a rufe. Duk wanda ya yi mastas a ƙasar nan ya san yadda ake yi: ba korar ka ake yi ba, shiru kawai za ka yi, makaranta ma ta yi shiru, shi ke nan an rabu.

Sai Ustaz, babbanmu a ɗakin, ya ce ai ta'aziyya ma ba mu je mun yi ba, kunya ta ishe mu. Mu tashi mu je.

Ni ɗan Potiskum ne, kuma kun san garinmu abu biyu ba ma rasawa: shanu da mota. Yayana yana da wata tsohuwar bas da yake ɗaukar kaya ranar Laraba, ranar kasuwa. Na same shi na ce, “Yaya, aron motarka za ka ba mu zuwa Gembu.” Ya dube ni ya ce, “Kai ka san inda Gembu take kuwa?” Daga ƙarshe ya yarda, amma da sharaɗin shi zai tuƙa, mu kuma mu zuba mai. Muka cire kujerun baya, muka shimfiɗa katifu biyu, muka saka ƙaramin risho na gas, buta, jarkokin ruwa, garin kwaki, ƙuli-ƙuli da taliya. Ina yawan kallon Turawan nan a YouTube masu mota mai gado da kicin a ciki, suna zaga duwatsun Suwizalan suna shan kofi a bakin tagar mota. Na ce yau ga tamu. Ustaz ya ce tamu dai warin akuya take yi.

Mun bar Potiskum bayan sallar asuba a ƙarshen watan Oktoba. Gombe, Kaltungo, muka haye gadar Numan, dare ya yi mana a Jalingo. A cikin motar muka kwana kusa da wani masallaci, sauro ya yi mana abin da ya ga dama. Washegari Bali, sannan Serti, inda hedikwatar gandun dajin Gashaka-Gumti take. A cikin gandun nan ne Chappal Waddi yake, tsaunin da ya fi kowanne tsawo a Najeriya, mita 2,419, a kan iyakarmu da Kamaru. Na so a tsaya mu tambayi yadda ake hawa, aka ce mini aikin kwanaki ne a ƙafa tare da ɗan jagora. Na haɗiye maganata.

Daga Mayo Selbe hawan yake farawa. Hawan Biyu da Sisi suke kiran wurin. Jama'a, ni mutumin fili ne, a garinmu in ka tsaya a bakin titi kana hango tirela tun tana nesa. A nan kuwa kwana ce bayan kwana, dutse a hannu ɗaya, rami a ɗaya hannun, kunnuwana suka toshe. Surutu ya ɗauke a motar, sai salati. Muna tsakiyar hawa mota ta ɗauki zafi. Yaya ya samu gefe ya tsaya, muka sa duwatsu a bayan tayoyi, muka jira lagireto ya huce kafin a zuba ruwa. Ruwan shanmu gaba ɗaya a nan ya tafi. Yana goge hannu ya ce da ni, “Hawa ba komai ba ne, sauka ce abin tsoro. Wanda ya dogara da birki a nan, birkin zai ƙone ya bar shi. Da giya ake sauka.”

Da muka ƙarasa sama sai na rasa bakin magana. Na ɗauka kan tsauni tsini ne. Ashe wata ƙasa ce shimfiɗe a can, tuddai kore shar suna bin juna har iyakar gani, bishiyoyin turare a jere, hazo yana wucewa ta gaban gilashin mota. Tsayin wurin ya kai kimanin mita 1,600, shi ya sa sanyi, shi ya sa kuma ƙudan tsando bai dami shanu ba. Na ga jajayen shanu masu dogayen ƙaho suna kiwo, na tuna Babanmu da ya ƙare rayuwarsa a kara yana cinikin shanu bai taɓa ganin irin wannan ciyawa ba. Ni da na saba da zafin watan Afrilu na Potiskum, ga ni da rigar sanyi biyu ina karkarwa da la'asar.

Mun same shi a bayan gida yana gyaran shinge. Ya rame. Da ya gan mu sai ya tsaya kawai da guduma a hannu, ya ce, “Ku mahaukata ne?” Muka shiga muka gaida mahaifiyarsa, Dada, muka yi mata ta'aziyya. Hausarta kaɗan ce, Fulatanci ya fi yawa, amma ta sa aka kawo mana kindirmo da tuwon masara, ta hana mu kwana a mota. Yaya ne kawai ya ƙi, ya ce ba ya barin motarsa.

Kwana biyu ba wanda ya iya tayar da maganar. Ya kai mu Kakara muka ga gonar shayi, inda ake yin Highland Tea, muka yi ta ɗaukar hoto kamar abin da ya kawo mu ke nan. A nan na fara jin kunyar kaina, don na lura na fi ɗokin hoton a kan mutumin.

Rana ta uku ya ce mu zo ya nuna mana wani wuri. Tafiyar kusan awa ɗaya ce a ƙafa, sai ga ruwa yana zubowa daga kan dutse, fari fat, ƙararsa ta cika kwarin. Ba allo, ba mai karɓar kuɗin shiga, sunansa ma da Fulatanci ya faɗa na manta. Ya ce tun yana yaro bai taɓa ganin ya ƙafe ba. Mu da muke sayen ruwa a kura, sai muka tsaya muna kallo kamar ƙauyawa. A nan Ustaz ya daure ya ce, “Malam, rajista saura kwana goma sha shida.”

Bai juyo ba. Ya ce shi ne babba, ƙannensa shida. Ya ce rabon gado ba a gama ba, shanu suna bukatar mai tsayuwa a kansu, kuma kuɗin rajistar shi ne kuɗin makarantar ƙannensa biyu. “In na tafi wa zan bar wa Dada?” Na buɗe baki zan yi masa wa'azin nan da muka saba, ilimi shi ne gishirin zaman duniya, sai na ji ba zan iya ba. Ni da Yaya ke biya mini kuɗin makaranta, me zan ce masa?

Bai biyo mu ba. Abin da muka iya samu shi ne ya zauna a daren ya rubuta takardar neman ɗage karatu na shekara ɗaya, ya sa hannu, ya ba ni. Ya kuma kwafa mini bayanansa a filashi, wai ko kwamfutarsa za ta lalace. Dada ta cika mana leda da fiya da ayaba. Da giya ta ɗaya muka sauko, kamar yadda Yaya ya ce, ba wanda ya yi magana har Mayo Selbe.

Takardar na kai ta, an karɓa, tana jiran zaman kwamiti. Masu tambayar nawa muka kashe, mai ne ya cinye kusan komai, kuma har yanzu Yaya yana bina kuɗin taya ɗaya. Shekaranjiya da ƙarfe biyu na dare saƙo ya shigo mini daga Ɗan Gembu. Ya hau tudun da ake samun sabis, ya turo shafi shida na cafta ta huɗu, ya ce in duba masa teburi na uku, lissafin bai yi masa daidai ba. Na duba, ni ma ban gane ba. In akwai wanda ya iya SPSS sosai a cikinku, don Allah ya yi mini magana kafin Juma'a.