Katin dala ɗaya a babban gidan waya na New York

Duk wanda ya fito daga tashar Penn ta ɓangaren titin 8th Avenue, abin da zai fara tare masa ido shi ne wani ƙaton ginin dutse mai dogayen ginshiƙai 20 a jere, da matakala masu faɗi kamar na fada. Ya cinye fili tun daga layi na 31 har zuwa na 33, yana kallon Madison Square Garden. Baƙo zai ɗauka kotu ce ko majalisa, alhali gidan waya ne. An buɗe shi a 1914, kuma yana ɗauke da sunan James A. Farley, shugaban hukumar gidajen waya ta Amurka a zamanin Shugaba Franklin Roosevelt. Tun 1 ga Janairun 2021 aka mayar da tsakiyar ginin, inda a da ake rarraba wasiƙu, zauren jiran jirgi na Moynihan, amma har gobe ana sayar da kan sarki a dogon zauren da ke gaba.

Rakiya ce ta kai ni a farkon watan Disamba. Maƙwabciyata a Bronx 'yar Wusasa ce ta Zariya, Kirista, nas a wani asibiti, kuma tun da na tare a benen take kira na ƙanenta. Muka hau jirgin D daga Grand Concourse, muka sauka a Herald Square, muka ratsa cunkoson masu kallon adon tagogin Macy's, iska kuwa tana kaɗawa kamar hunturun Katsina ya haɗu da ƙanƙara. A jakarta akwai kati guda da ta saya dala ɗaya da 'yan canji a wani kanti a Fordham Road. 'Ya'yanta uku kowa ya sa hannu, autar ta zana bishiya.

Katin na wani yaro ne a arewacin Gana da suke ɗaukar nauyinsa ta hannun wata ƙungiyar agaji. Tsarin ya daɗe a nan: iyali su zaɓi yaro, a riƙa cire musu wani abu kowane wata, ƙungiya ta turo hotonsa da sunansa, su kuma su manna a jikin firji. Ba a ba su adireshinsa. Wasiƙa sai ta bi ta ofishin ƙungiyar, a duba ta, a haɗa da sauran, a kai ƙasar, a fassara, sannan ta isa hannunsa. Abin da ake yarda a saka a ambulan sai mai lafewa, kamar takarda ko hoto.

Na ce, "Yaya, wannan kafin ya isa ai Kirsimeti ta wuce."

Ta ce, "Na bara sai wajen Ista ya same shi. Ƙanena, yaron da ba a taɓa rubuto wa ba ina ruwansa da kwanan wata?"

Muna cikin layi ta nuna mini inda ta ce a shekarun baya ake jera tebura a lokacin nan, mutane su zauna suna karanta wasiƙun yara. Labarin ya faro ne a 1912, lokacin da shugaban gidajen waya Frank Hitchcock ya ba ma'aikata da jama'ar gari izinin amsa wasiƙun da yara ke rubuta wa Santa Claus, wanda a gida muke kira Fada Kirsimeti. Kafin nan irin waɗannan wasiƙu ba su da makoma, tunda babu wanda za a miƙa wa. Shirin ya samu sunan Operation Santa, kuma wannan gini na New York ya zama cibiyarsa mafi shahara. Mutum zai shigo da sanyin hanya a jikinsa, ya ɗauki wasiƙa, ya karanta, idan ta taɓa masa zuciya ya tafi da ita ya sayo abin da aka roƙa.

A da har sunan yaro da adireshinsa ake bayarwa, wasu ma su kai kayan da kansu har ƙofar gida. A Disambar 2008 aka gano cewa wani mutum a jihar Maryland da ke cikin rajistar masu laifin lalata ya karɓi wasiƙar wani yaro. Aka dakatar da shirin na ɗan lokaci, aka dawo da shi da sabuwar ƙa'ida: a shafe sunan iyali da adireshi, a sa lamba. Daga 2017 aka fara ɗora wasiƙun a intanet, aka kuwa fara da New York. Yau yaro zai rubuta zuwa 123 Elf Road, North Pole, 88888, adireshin da babu shi a taswira. Ma'aikata su buɗe, su rufe duk abin da zai tona ko wane ne, su ɗora. Mai son taimako sai an tantance shi, sannan ya sayi kayan ya kawo gidan waya, ya biya kuɗin aikawa, bai san ƙofar da za a ƙwanƙwasa ba.

Na zauna na karanta da yawa daga cikinsu a waya. Akwai masu neman keke da na'urar wasa, yara ai yara ne. Amma tsakaninsu sai ka ci karo da mai neman rigar sanyi, da takalmi, da bargo, da mai cewa a bar nasa a kawo wa ƙanwarsa. Wasu ma iyaye mata ne ke rubutawa, suna jera shekarun yara da lambar takalmin kowa. Wanda yake gida yana ganin New York a fim zai yi wuya ya yarda, amma ƙungiyar Advocates for Children of New York ta ce ɗalibai sama da 146,000 na makarantun gwamnatin birnin ba su da matsuguni na dindindin a shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024, wato kusan ɗaya cikin takwas. Bronx ɗinmu na cikin inda abin ya fi tsanani. Ba mamaki wata wasiƙar daga benen da ke kallon namu ta fito.

Da muka rabu ta wuce aiki, ni kuma na taka zuwa gabashin Manhattan, layi na 44, inda hedikwatar UNICEF take dab da Majalisar Ɗinkin Duniya. Sayar da katin gaisuwa don a tallafa wa yara yana da tushe a wannan hukuma, kuma abin da ya burge ni shi ne daga ina katin farko ya fito. A 1947 wata yarinya 'yar shekara 7 mai suna Jitka Samková, daga Rudolfov a ƙasar Chekoslobakiya ta wancan lokaci, ta yi zanen yara suna rawa don gode wa UNICEF kan taimakon da aka kai garinsu bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1949 zanen ya zama katin hukumar na farko. Wadda aka taimaka ce ta fara aikowa. Yaba kyauta tukuici, in ji mutanenmu.

Ina da ƙorafi a kan wasu daga cikin ƙungiyoyin ɗaukar nauyin nan, musamman yadda suke baje hotunan yaran Afirka ana zaɓa kamar kaya a kasuwa. Amma kafin mu buɗe baki mu dubi namu. Kowane azumi ana tara kuɗi a nan Bronx da Harlem a tura gida don kayan Sallar marayu, kuma Allah ya saka wa masu yi. Sai dai sau nawa muke ganin an jera yara a rana, kowa rungume da shadda ko atamfa, an ɗauki hoto an watsa a Facebook da sunan unguwarsu? Yaron ya samu riga, rufin asirinsa ya tafi, kuma a cikin masu bayarwa babu wanda ya kira shi da sunansa. Tsarin gidan wayar nan ya juya abin: yaro ne ke faɗin buƙatarsa da bakinsa, fuskarsa kuma a ɓoye. Katin maƙwabciyata ma, da duk arharsa, sunan mutum ɗaya ne a kai, an tambaye shi makaranta da lafiyar kakarsa.

Ranar Juma'a bayan an idar na kawo maganar a gaban wani dattijo ɗan zangon Kumasi da ke riƙe da asusun marayu na masallacinmu. Na ce me zai hana bana yaranmu na Islamiyya su rubuta wa kowane maraya 'yar takardar barka da Sallah da sunansa, a saka cikin kayan, a kuma daina ɗaukar hoto.

Ya yi shiru yana jan carbi, sannan ya ce, "Ɗana, hoton nan shi ne rasit ɗinmu. In babu shi, baɗi rabin mutanen nan ba za su bayar ba. Takardar kuma wa zai karanta musu? Yaranku Turanci suke rubutawa."

Na ce, "Baba, to a ɗauki hoton kayan, ban da yaran."

Ya ce zai tuntuɓi 'yan kwamiti. A kan takardar kuwa ya ba da tasa shawarar: a koya wa yaran gaisuwar Sallah da Hausa tun daga watan Sha'aban, kowa ya faɗa da muryarsa a WhatsApp, a tura wa malamin da ke rabon can gida ya kunna wa kowane yaro nasa. Ya ce in kawo masa sunayen masu so kafin ƙarshen wata.