Garwa: Turancin da Ake Koya a Bakin Shago

Garwa gari ne na bakin Kogin Binuwai, hedkwatar Jihar Arewa ta Kamaru, kuma mahaifar Ahmadu Ahijo, shugaban ƙasar na farko. Baƙon da ya shiga babbar kasuwa, Fillanci zai fara ji, sai Hausa, sai Faransanci in an zo maganar takarda. Ingilishi kuwa, duk da yana cikin harsuna biyu na gwamnati tun haɗewar 1961, a nan sai an neme shi.

Amma fa ruwan da ya wuce ƙarƙashin gadar Garwa, Yola ya nufa, kuma kayanmu da yawa ta Nijeriya suke shigowa. Rasit da Turanci, takardar kwastan da Turanci, saƙon dila daga Legas ko Dubai da Turanci. Wanda bai iya ba, dole ya miƙa wa wani wayarsa, ya buɗe masa sirrin cinikinsa.

Mun ga amfanin abin a Janairun 2022, lokacin gasar cin kofin Afirka, da Nijeriya ta ci Masar 1-0 a filin Rumde Ajiya. Gari ya cika da baƙi daga Legas da Fatakwal. Duk mai ɗan Turanci a baki, shi ya kwashe ciniki.

Malamaina biyu ne, ba wanda ya taɓa riƙe alli. Ɗaya Ibo ne daga Anaca, mai sayar da kayan gyaran babur. Ɗayan tela ne, mutumin Kumasi. Bayan la'asar muna zama a bencin mai shayi, su ba ni kalma biyar, ni in biya su da biyar na Fillanci. Ina rubuta nawa da ajami a bayan littafin bashi. Tela kan ce, "Alhaji, bar karatun, faɗa mu ji!"

Abin da ya fara kwantar min da hankali shi ne, ashe Bahaushe ba daga tushe yake farawa ba. Farashi, canji, lamba, banki, tebur, bokiti, direba, duk daga Turanci muka aro su. Gyaran baki kawai suke so.

Inda hatsari yake shi ne lissafi. A Turanci, sha biyar da hamsin sun kusa zama ɗaya a kunne, haka sha uku da talatin, balle a waya. Shi ya sa jimlar da na fara haddacewa ita ce ta "rubuto min da lamba". Ga kuma dala: mu a nan, in an ce dala ashirin, sefa 100 ake nufi, shi kuwa baƙo ashirin ɗin zai riƙe. Sannan buroka tana fid da kai a kasuwa, amma takarda ba ta san ta ba. Sai ka tambayi aboki wanne ne na baki, wanne ne na rubutu.

'Yan'uwa, in kun zo Garwa, a ci kifin Lagdo, a ga dorina a Binuwai, amma a nemi maƙwabcin shago mai Turanci a ƙulla zumunci. A fara da lamba, sai ranaku, sai sunan kayan da ake sayarwa. In an koma gida, yara 'yan makaranta su bi maka bita, uwargida ma ta ɗauka. Gemu dai ba ya hana ilimi.