Igiya Ba Ta Tsinkewa Rana Ɗaya

Bahaushe bai raina igiya a maganarsa ba. Aure ma, da girmansa, igiya uku ya kira shi, yana kuma jin tsoron ranar da za a tsinke ta ƙarshe. Amma igiyar gaske, wadda ake ɗaura wa mutum a ƙugu a zura shi rami gaba goma sha biyar, ita ce ba mu cika waiwaya ba sai ta yi ɓarna. A kanta nake so in ɗan yi magana da 'yan'uwana ɗalibai da malamaina, domin ni ɗan gidan mahaƙa rijiya ne, kuma kuɗin rajistata a wannan jami'a daga ƙarƙashin ƙasa suke fitowa.

Ƙauyenmu yana ƙasar Dambatta, arewa da birnin Kano. Wanda ya san wannan yanki ya san babu daji, gona ce ke gogar gona, gidaje a warwatse cikin dawa da gero da gyaɗa, kowane gungun gidaje da rijiyarsa. Ko da aka samu burtsatse nan da can, rijiyar hannu ba ta mutu ba, don ba ta neman mai, ba ta jiran makaniki. Tsofaffinmu sukan ce bayan farin 1973 da na 1984 ruwa ya gudu ƙasa, dole aka bi shi, rijiyoyi suka ƙara zurfi. To, gwargwadon zurfin rijiya, gwargwadon amanar da aka ɗora wa igiya.

Baffana shi ne babba a wannan sana'a a gidanmu, yayana kuwa shi ke shiga ramin yanzu. Abin da ya sa masu rijiya suke gunaguni da Baffa shi ne jinkiri. Za su tara mutane tun da hantsi, shi kuwa sai ya shimfiɗa igiya a ƙasa ya bi ta gaba-gaba da tafin hannunsa, kamar mai laluben ƙaya. Inda ya ji ta sirance ko ta yi laushi, sai ya tsaya ya murɗa tufkar baya, ya leƙa cikinta. In ta rama ce, yakan sansana, domin igiyar da aka naɗe da danshi daga ciki take ruɓewa alhali bayanta na nan fes. In ta roba ce, yakan kankara da farce. Da ya ga gari yana zuba, ya san rana ta cinye ta.

Daga nan sai ya koma kan itace. Zai ƙwanƙwasa gwafanni biyu da ƙotar gatari ya saurara, don gara takan cinye cikin itace ta bar ɓawo. Zai duba sandar da aka gitta, inda igiya ta yi mata kwari saboda gogayya, domin kaifin wannan kwari shi ke yanka sili ɗaya bayan ɗaya. Ƙugiyar da ake rataya bokitin ƙasa kuwa, in bakinta ya buɗe, ba ya yarda a bubbuga ta da guduma ta koma, yakan ce ƙarfen da ya taɓa miƙa wuya zai sake. Ƙulli ma ba ya son ya yi yawa, kuma masana sun gaskata shi: ƙulli ɗaya yana iya rage ƙarfin igiya kusan da rabi. Igiyar mutum dabam, igiyar ƙasa dabam. A ƙarshe sai a zura buhun yashi a jawo, a kuma zura fitila mai wuta a gani ko za ta mutu saboda gurɓatacciyar iska. Sa'an nan ne zai dubi yayana ya ce, "To, bismilla."

Akwai abu guda da yake yi wanda na fi ganin hikimarsa. In ya yanke wa igiya hukunci, nan take zai sa wuƙa ya daddatsa ta guntu-guntu, ya raba wa mata su ɗaure awaki. Na taɓa tambayarsa dalili, sai ya ce, "Yaro, in na bar ta da tsawonta, wata rana ba na nan, wani mai gaggawa zai ɗauka."

Abin da yake gudu ya faru a wani ƙauye kusa da namu, ina aji biyu a sakandare. Wani magidanci ya shiga yasar rijiya da igiyar da mai rijiyar ya ciro daga rumbu, ta roba, launinta bai ko dushe sosai ba. Ta kai shi ƙasa lafiya. A wajen fitowa, saura kamar gaba uku, masu ja suka fizga gaba ɗaya, ta tsinke. Bai mutu ba, amma har yau a zaune yake, 'ya'yansa biyu suka bar makaranta suka koma bin jakuna. Mutane suka ce tsautsayi. Babu mai ja da ƙaddara, amma ai an hore mu da mu ɗaure raƙumi kafin mu yi tawakkali. Wannan igiya ba a ranar ta tsinke ba. Ta fara tsinkewa tun ranin da aka shanya ta a kan danga aka manta da ita.

A nan ne igiyar roba ta yaudare mu. Ta rama da ta kaba, mu muka shuka, mu muka tufka, mun san shekarunsu. Ta roba kuwa a kasuwa ake yanko ta, ba a san tsawon zamanta a rana ba, ga araha, ga kyan gani. Ba na cewa a koma jiya, don ta roba mai kyau ta fi ƙarfi, ba ta kuma ruɓewa da ruwa. Sai dai tsufanta ɓoyayye ne, sai an neme shi da gangan.

Da na zo jami'a na tarar ashe hukuma ma ta san wannan. Dokar Masana'antu ta Nijeriya ta 1987 ta wajabta a sa gwani ya duba sarƙoƙi da igiyoyi da ƙugiyoyin ɗaga kaya aƙalla sau ɗaya a wata shida, a bayyana iyakar nauyin da kowanne zai ɗauka, a kuma rubuta a littafi. Ingila ma, a dokarta ta 1998, wata shida ta yanka wa duk abin da ke ɗaga mutum. Watau abin da Baffa ke yi da tafin hannu, shi ake so a yi a masana'antun Bompai da Sharaɗa da takarda da sa hannu. Bambancin shi ne, dokar masana'anta ba ta zuwa bakin rijiyar ƙauye, ilimin Baffa kuwa a kansa yake, ga shi gemu ya yi fari.

Saboda haka shawarata ƙarama ce, ba ta bukatar kuɗin gwamnati. Mahaƙan kowace gunduma su tsayar da lokaci biyu a shekara: bayan kaka, sa'ad da ake fara haƙa, da kuma bazara, sa'ad da rijiyoyi ke ƙafewa yasa ta yawaita. A fito da kaya duka a ƙofar mai unguwa, dattijon sana'a ya duba, abin da ya faɗi a datse shi a gaban kowa. Mai shiga rami ya riƙe igiyarsa, kada ya karɓi ta aro ko da mai rijiya zai ji haushi. Mu kuma da muka iya alƙalami, in mun je hutu, mu sayi littafi mu rubuta musu ranar da aka sayi kowace igiya da ranar da aka duba ta, da boko ko da ajami. Mu kuma zauna da dattawan mu rubuta kalmomin sana'ar da dabarunta, domin wannan ma nazarin Hausa ne, ba sai waƙa da tatsuniya ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai shan ruwan rijiya ya tuna akwai wanda ya sauka ya nemo masa shi, da iyali a gida suna jiran fitowarsa. Allah ya tsare masu nema, ya ba mu ikon taimaka musu.