Idan Maigida Mashayi Ne

Yau ina so mu taɓa wata magana wadda ba a yinta a tsakar gida, sai a ƙuryar ɗaki da raɗa, watau zaman macen da aka jarrabi mijinta, ko ubanta, ko ɗanta da shan giya. Na daɗe ina jinkirin rubuta ta, sai da yayata ta ba ni izni, domin labarinta ne.

Mu mutanen Gummi ne, amma Yaya a ƙasar Bukkuyum aka kai ta aure. Mijinta direba ne, yana jigilar kaya daga Gummi zuwa Anka har Gusau, mutum mai fara'a da sakin hannu. Sa'ad da haƙar zinariya ta bunƙasa a ƙasar Anka da Bukkuyum wajen 2009, aiki ya yi masa yawa, kuɗi suka shigo, abokai kuma suka biyo kuɗin. A wurinsu ya koyi sha.

Shekara huɗu cur Yaya ba ta gaya wa kowa ba. In ya dawo da dare yana tangaɗi, sai ta ja shi ɗaki kafin maƙwabta su gani, ta wanke rigar, ta sa turaren wuta. In ya kasa tashi da safe, ta ce masassara ce. In mai mota ya aiko nemansa, ta ce ya tafi gaisuwar mutuwa. Da kuɗin cefane suka yanke, ta sayar da akuyarta, sa'an nan ta bi kwanonin jerenta ɗaya bayan ɗaya. Na je mata yawon Salla, na ga ɗaki ya yi fili, na ce, "Yaya, ina kwanoninki?" Ta ce an ara za a yi biki. Na yarda, ba don na gaskata ba, sai don yardar ta fi mini sauƙi. Har yau ina jin kunyar wannan.

Kada ki yi saurin ganin wautarta. Tun da Shari'a ta fara aiki a Jihar Zamfara a watan Janairu na 2000 aka rufe gidajen giya, hukuncin Musulmin da aka tabbatar ya sha kuwa bulala 80 ne. Kwalba ta ɓace daga bakin titi, amma wanda ya riga ya kamu yakan nemo a ɓoye, ko ya ƙetare iyakar jiha. Waɗansu suka koma ga ƙwayar tiramol, ko maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana yinsa da shigo da shi a 2018. Saboda haka matar mashayi a ƙasarmu tsoro uku take ɗauke da su: kunyar dangi, da ganin an yi wa uban 'ya'yanta bulala a gaban jama'a, da takardar saki in ya ji ta yi magana.

Abin da ya karya shirun Yaya 'yarta ce mai shekara tara. Yarinyar ta ƙi zuwa makaranta, aka yi juyin duniya, daga bisani ta ce yara suna kiranta 'yar mashayi. Ashe abin da uwar ta sayar da jerenta don ta rufe, duk unguwa an sani. Ran nan ta hau mota ta zo Gummi wurin Gwaggonmu, ta kwashe duka ta faɗa mata. Gwaggo ta bari sai da ta gama kuka, kāna ta ce, "Diyata, ke kika ɗura masa? To, don me kike biyan bashinsa? Rufin asiri daban, kiwon cuta daban."

Daga baya na karanta cewa matan wata ƙasa sun riga mu gano wannan. A Amurka, a 1935, waɗansu mashaya suka kafa ƙungiyar taimakon juna don su daina sha. Matar ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, mai suna Lois, ta lura matan da ke jiran mazansu su fito daga taro su ma suna da nasu ciwon. A 1951 ita da wata abokiyarta suka kafa ƙungiyar iyalan mashaya, ana ce da ita Al-Anon, yau kuwa tana ƙasashe da yawa. Abin da suke koya wa juna shi ne: ba ke kika jawo shan ba, ba ki da ikon hana shi, ba kuma a hannunki warakar take ba. Maganar Gwaggo ke nan, ita da ba ta taɓa jin sunansu ba.

To, ga abin da muka koya. Na farko, ki zaɓi mutum ɗaya mai riƙon amana ki gaya masa, ko uwa, ko gwaggo, ko malamar Islamiyya, ko wani babba a danginsa wanda yake jin nauyinsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In tafiya ta yi wuya saboda halin da hanyoyinmu ke ciki, waya ta isa.

Na biyu, ki daina yi masa ƙarya, ki daina biyan bashin da ya ci a wurin sha. Kuɗin sana'arki da na adashi ki ajiye inda hannunsa ba ya kai, domin abincin yara da makarantarsu.

Na uku, kada ki yi gardama da shi yana cikin maye. In ya kwanta, ki juya shi ta gefe, kada amai ya shaƙe shi. Magana sai ya wartsake, cikin natsuwa, ba a gaban yara ba. In kuwa ya fara duka, ki kwashi 'ya'yanki ki tafi gidanku, manya su shiga, in ta kama a je gaban alƙali. Haƙurin da aka hore mu da shi bai ce ki tsaya a nakasa ki ba.

Na huɗu, ki sani cuta ce mai bukatar likita. Giya tana cin hanta, har ido ya yi rawaya, ciki ya kumbura. Wanda kuma ya daɗe yana sha kullum, in ya daina farat ɗaya, cikin kwana biyu ko uku yakan kama makyarkyata da gane-gane, wani har da farfaɗiya, abin yana iya kisa. Kada a tsaya a ce iska ce, a kai shi asibiti. Akwai asibitin gwamnatin tarayya a Kware, kusa da Sakkwato, inda ake duba masu irin wannan lalura.

Ku kuma maƙwabta da 'yan makaranta, ku kiyayi gori. Ya zo a hadisi cewa an sha kawo wani mutum gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda sha, har wani ya la'ance shi, sai Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. In haka ne ga mai laifin, ina ga matarsa da 'yarsa da ba su yi komai ba? Ke kuma yarinyar da abin ke gidanku, ba laifinki ba ne, kada ki bar karatunki.

Mijin Yaya ya daina, ya koma har sau biyu, ya sāke dainawa. Yau shekara biyar ke nan ba a ji warin a bakinsa ba, muna roƙon Allah ya ɗorar. Amma Yaya ta ce ita ta fara samun barci tun daren da ta kwana a ɗakin Gwaggo, shi kuwa a lokacin bai ko fara tunanin dainawa ba.

In kin san wata a unguwarku da jerenta ke raguwa, kada ki yi irin tawa. Ki zauna, ki sāke tambaya. Allah ya shirya mana mazajenmu da zuriyarmu, amin. Sai mako mai zuwa.